Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Bauchi Kan Ƙwayoyi Masu Juya Hankali

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so, ina sanar da kai cewa mu ma nan Gombe lafiya ƙalau muke, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne maganar da ka kawo mini lokacin hutu, cewa wasu abokan karatunka suna yabon waɗansu ƙwayoyi da ke sa mutum ya ga launuka da siffofin da babu su, suna cewa ba irin tiramol da kodin ba ne, ba sa kama mutum, kuma har likitocin Turai da su suke magani. Na ji daɗin da ka kawo mini maganar, kuma zuciyata ba ta zarge ka da komai ba. Sai dai batu ne da ya fi ƙarfin hirar tsakar gida a gaban yara, shi ya sa na zauna na rubuta maka, a matsayina na mahaifinka kuma wanda ya yi aikin jinya har ya yi ritaya.

Akwai gaskiya a wani ɓangare na maganarsu, kuma ba zan ɓoye maka ba. Sinadarin LSD, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi, ba ya jawo irin jarabar da tiramol ke jawowa, wadda ke hana mutum sukuni idan bai sha ba. Haɗarinsa yana wani wuri dabam, wato a wajen awo, domin mai shan sa ba shi da wata hanya ta sanin yawan abin da ya shiga jikinsa, kuma da ya shiga babu mai iya dawo da shi.

Wani masanin haɗa magunguna mai suna Albert Hofmann ne ya fara haɗa LSD a shekarar 1938, a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan. A ranar 19 ga Afrilu, 1943, ya gwada shi a kansa, ya auna maikirogiram 250 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), yana ganin ya ɗauki mafi ƙanƙantar abin da zai iya yin wani tasiri. Ashe ya zarce ƙima nesa ba kusa ba. Da kyar mataimakiyarsa ta raka shi gida a kan keke, yana isa ya ga kayan ɗakinsa suna murɗewa suna sauya kama, maƙwabciyar da ta kawo masa madara ta rikiɗe ta zama mayya a idonsa, har ya tabbatar a ransa cewa ko dai ya haukace ko kuma mutuwa ce ta zo, sai da aka kira masa likita. Ka lura, wannan shi ne mutumin da ya haɗa abin da hannunsa, yana da ma'aunin ɗakin bincike, kuma sinadarinsa tsantsa ne babu gauraye. Abin da ke juya hankalin baligi bai wuce maikirogiram 100 ba, ma'ana giram ɗaya tak zai bugar da mutum 10,000, kuma ƙwayar gero guda ta ninka wannan awo nauyi sau gommai. To, wane ido ne zai auna wannan a ɗakin kwanan ɗalibai?

Galibi a kan ɗiga shi ne a jikin 'yar takarda mai zane, a yanka ƙanana a sayar. Mai saye bai san ɗigo nawa aka yi ba, mai sayarwa ma a hannun wani ya karɓa. Abin da ya fi wannan muni shi ne sau da yawa abin da ke jikin takardar ba LSD ba ne sam. Akwai wasu sinadarai da ake kira NBOMe, waɗanda suka fi arha wajen haɗawa, ake ɗiga su a takarda iri ɗaya a sayar da sunan LSD, kuma sun kashe matasa a Amurka da Ostireliya da Turai. Su kam kai tsaye suke kisa: zuciya ta riƙa bugu ba tsari, jini ya hau, jiki ya ɗau zafi mai tsanani, jijjiga ta biyo baya, ƙoda ta tsaya. Tazarar da ke tsakanin abin da zai bugar da abin da zai kashe 'yar kaɗan ce ƙwarai.

Wani tarkon kuma shi ne jinkiri. Abin yakan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya, wani lokaci fiye, kafin ya fara aiki, sai yaro ya ga shiru, abokai su ce ai bai ji ba ya ƙara, ya kuwa ƙara, sannan na farko da na biyu su taso masa tare. Daga nan sai ya yi sa'a 8 zuwa 12 a cikin halin da ba shi da ikon fita, amai ba ya fitar da shi, wanka ba ya sauke shi. Yawancin waɗanda LSD na ainihi ya yi sanadin ajalinsu ba gubar ce ta kashe su ba, firgici ne da gushewar hankali: wani ya faɗo daga bene, wani ya yanka titi a guje yana tsere wa abin da shi kaɗai yake gani, wani ya faɗa ruwa.

Kada ka ɗauka wannan matsalar Turawa ce kawai, domin muna da namu a bayan gida. Zaƙami, wanda ba banza ba ake masa laƙabi da haukata-yaro, yana tsirowa a juji da kangon gidaje daga nan har Bauchi, ba a sayen sa da ko sisi. Likitoci ba sa sa shi aji ɗaya da LSD saboda aikinsa a jiki dabam ne, amma wajen kisa ya fi shi sauri. Ina tuna wani saurayi da aka kawo mana da zafin bazara, bayan an zuba musu zaƙami a shayi a wajen wani biki. Fatarsa ta bushe ƙamas, ta yi zafi rau, babu ɗigon gumi ko ɗaya. Baƙin idonsa ya buɗe har hasken fitila yana cutar da shi. Harshensa ya kafe, maganarsa ba ta fita sosai. Yana ta tsintar wani abu a kan zanen gado yana kaiwa baki, alhali babu komai a wurin, yana amsa kiran mutanen da ba sa ɗakin. Mararsa ta kumbura da fitsarin da ya kasa fita sai da muka sa masa roba. Mahaifiyarsa tana riƙe da hannunsa tana kiran sunansa, shi kuwa yana kallonta kamar bai taɓa ganin ta ba. Da Allah ya tashi kafaɗunsa bayan kwanaki, bai tuna ko abu ɗaya ba. Abokinsa da suka sha daga buta ɗaya jiri kawai ya yi ya kwanta, kuma wannan shi ne abin da nake so ka riƙe: ƙarfin gubar zaƙami yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, daga ganye zuwa 'ya'ya, daga damina zuwa rani, jikin mutane ma ba ɗaya ba ne. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya sha bai ga komai ba, labarin ranarsa kawai ya ba ka.

Haɗa su da wasu kayan maye yana ƙara dagula lamarin. Rahoton 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna kimanin 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da kayan maye, mafi yawansu wiwi, sai dangin tiramol. Ke nan wanda zai gwada sabuwar ƙwaya a ƙasar nan, mai yiwuwa ne akwai wata a cikinsa. Tiramol shi kaɗai yana kawo jijjiga, balle an ɗora masa wani abin da ke motsa ƙwaƙwalwa, wiwi kuma yana ninka firgicin.

Akwai kuma abin da ke saura bayan maye ya sauka, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Shekarunka su ne shekarun da ciwon taɓin hankali ya fi bayyana ga wanda yake ɗauke da shi a ɓoye, kuma waɗannan ƙwayoyi suna iya tayar da shi a sha ɗaya, musamman idan akwai shi a dangi. Mu kuwa mutane ne masu rufa irin wannan asiri, har yaro ya girma bai san abin da ya sami kawunsa ko kakarsa ba. Wasu kuma sukan shafe watanni ko shekaru suna ganin walƙiya da inuwar abubuwa a idonsu bayan sun daina sha.

Game da likitocin waje, gaskiya ne jami'ar Johns Hopkins a Amurka da Kwalejin Imperial a Landan suna bincike a kan silosaibin, sinadarin da ke cikin wani nau'in laimar kwaɗi, don maganin ciwon damuwa mai tsanani, kuma Ostireliya ta ba wasu ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da shi daga watan Yuli na 2023. Amma a can sai an tantance maras lafiya, an cire duk mai tarihin taɓin hankali a kansa ko a danginsa na kusa, an auna sinadari tsantsa, sannan ma'aikata su zauna tare da shi har abin ya sake shi. Duk waɗannan matakai an kafa su ne saboda masu binciken sun fi kowa sanin haɗarin, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a hannun abokanka. Hukuncin addini kuwa ka san shi tun kana Islamiyya, cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ta fuskar doka kuma, hukumar NDLEA ba ta karɓar uzurin cewa gwaji ne.

Idan Allah ya ƙaddara wani ya faɗa wannan hali a gabanka, kada tsoron tonon asiri ya sa ku kulle shi a ɗaki ku jira gari ya waye, domin da yawa a wannan jiran ake rasa su. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a tilasta masa amai, saboda zai iya shaƙewa ya wuce masa huhu. Kada a daka masa tsawa ko a ɗaure shi. A yi masa magana a hankali, a nisanta shi da titi da bene da wuƙa. Idan jikinsa ya yi zafi a rage masa tufafi a shafa masa ruwa, idan ya suma a kwantar da shi a gefensa, kuma a garzaya da shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko asibiti mafi kusa. Ku faɗa wa likita ainihin abin da ya sha da lokacin da ya sha, in akwai ragowa ku tafi da ita. Addu'a da tofi a yi su a hanya, kada su zama dalilin jinkiri.

In kuwa kai ne, Allah ya kiyaye, ko an zuba maka a abin sha ba da saninka ba, ka kira ni ko ka sa a kira ni, ko da tsakar dare ne. Na yi maka alkawari zan kamo hanyar Bauchi kafin in tambaye ka yadda aka yi.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka, ya haɗa ka da abokai na gari. Ka kira mahaifiyarka ranar Juma'a, tana cigiyarka.

Wassalam,
Mahaifinka.