Saƙo ga 'yan ƙungiya kan muhawarar tazarce da juyin mulki

Assalamu alaikum, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mazauna ƙasashen waje.

Kwamitin gudanarwa ya lura da yadda muhawara kan koma bayan dimokuraɗiyya ta yi zafi a tsakaninmu, har wasu suka daina gaisawa, shi ya sa muka ga ya wajaba mu bayyana matsayinmu.

Babu laifi ran mutum ya ɓaci idan ya ga ana yi wa tsarin mulki karan tsaye. A 2009 Shugaba Tandja Mamadou na Nijar ya rusa majalisar dokoki, ya rusa kotun tsarin mulki da ta ƙi amincewa da shirinsa, sannan a watan Agusta ya shirya ƙuri'ar raba gardama domin ya ƙara wa kansa shekaru uku. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi, kuma da yawa daga cikin masu adawa da tazarce sun yi murna. Irin wannan murna ce muke roƙon kowa ya yi wa kansa hisabi a kanta, domin wanda ya tafa wa bindiga yau don ta kawar masa da abokin gaba, da wane baki zai nemi a bi doka ranar da aka juyo ta kansa? A Mayun 2006 Majalisar Dattawan Najeriya ce ta kashe yunƙurin bai wa Shugaba Olusegun Obasanjo wa'adi na uku, haka kuma a Fabrairun 2024 Majalisar Tsarin Mulkin Senegal ta soke ɗage zaɓen da Shugaba Macky Sall ya yi, aka kaɗa ƙuri'a ranar 24 ga Maris. Wannan hanya ta bin doka tana da cin rai, amma ita muke goyon baya, ko da mai son zarcewar ɗan jam'iyyarmu ne.

Abu na biyu ya fi damunmu. Mu muna nesa, ba ƙofarmu za a ƙwanƙwasa da tsakar dare ba. Idan ɗan'uwa a gida ya turo maka saƙon murya yana kokawa da hukuma, kada ka yaɗa shi sai da izininsa, domin muryarsa ce a ciki, kuma shi ne zai kwana a garin. Kada kuma mu kira shi matsoraci idan ya zaɓi yin shiru saboda iyalinsa.

Duk wanda ya san wani namu da aka tsare saboda faɗin ra'ayinsa, ko daga wane ɓangare yake, ya sanar da sakatare a asirce, domin kwamiti ya duba batun kuɗin lauya a zamansa na gaba.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin Gudanarwa