Ɗan daba ma an taɓa goya shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku a kan faɗan daba da ƙwacen waya daga farko har ƙarshe. Wani baƙo ya ce ƙwaya ce, wani ya ce 'yan siyasa, wani ya ce a ƙaro 'yan sanda. Kowa ya faɗi gaskiya gwargwado, amma duk sun ɗauko zancen ne daga saurayi mai gashin baki riƙe da wuƙa, kamar haka aka haife shi. Ni shekara 31 na yi ina koyar da 'yan aji ɗaya kafin in yi ritaya, kuma wasu daga cikin waɗanda ake rufe ƙofa idan an hango su yau, ni na koya musu riƙon fensir.

'Yata da ke karatun malanta ce ta fara ba ni labarin Richard Tremblay, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Montiriyal ta ƙasar Kanada. A 1984 ya ɗauki yara maza kusan dubu ɗaya, 'yan shekara shida, daga unguwannin talakawa na birnin, ya riƙa bin rayuwarsu shekara da shekaru har suka zama magidanta. Zaton da ake yi shi ne yaro yana koyon faɗa ne yayin da yake girma, abin ya kai ƙololuwa lokacin balaga. Sai ya tarar da akasin haka: yawancin yaran sun fi duka da naushi a farkon shigarsu makaranta, suna girma abin yana raguwa. Wannan ya sa ya koma baya, ya bi jarirai tun suna 'yan watanni. A nan ya gano cewa babu lokacin da mutum ya fi duka da cizo da ƙwace kamar tsakanin shekara biyu zuwa uku da rabi.

Da ta gaya mini sai na yi dariya, na ce ai kowace uwa ta san wannan. Lokacin yaye ke nan, an cire yaro daga nono, ga ƙani ya ƙwace masa baya, ya ciji wannan ya yaƙushi wancan, mu ce yarinta ce. Abin da ban taɓa tsayawa na auna ba shi ne ma'anarsa: ba a koya wa yaro duka, da abinsa yake zuwa. Abin da ake koya masa shi ne dainawa, wato ya jira, ya roƙa da baki, ya kawo ƙara. Yawanci suna koya. 'Yan kaɗan ne, ba su kai ɗaya cikin goma ba a binciken nasa, ba sa sauka daga wannan hali, kuma su ne suka fi faɗawa laifi da barin makaranta daga baya.

To mu me muke koya wa ɗan shekara uku? "Idan ya dake ka ka rama, in ka dawo mini da kuka sai na ƙara maka." Na ji wannan a bakin iyaye ba adadi, ni ma, Allah ya yafe mini, na taɓa faɗa wa ɗan farina. A aji kuma yara sun haura tamanin, malama ɗaya, abin da ya fi sauƙi shi ne tsumagiya. Yaron da ya mari wani sai mu zane shi don ya gane duka ba kyau.

Akwai wani masanin a Amurka, Kenneth Dodge, da ya nuna cewa yaro mafaɗaci yakan ɗauki kuskuren wani a matsayin ganganci. An ture shi a layi, shi a wurinsa raini ne. Duk wanda ya taɓa raba faɗan samari ya san yadda yake farawa: "ya taka ni", "ya harare ni".

Tremblay bai tsaya ga kallo ba. An ɗauki wasu daga cikin yaran da suka fi rashin ji, daga shekara bakwai zuwa tara, ana koya musu zama da mutane a cikin ƙaramin rukuni tare da yara masu natsuwa, ana kuma bin iyayensu gida ana nuna musu yadda za su tsawata ba tare da jibga ba. Shekara biyu kacal. Da suka girma, sun fi takwarorinsu da ba a yi wa haka ba kammala sakandare, kuma sun fi su ƙarancin shiga hannun hukuma. A 2017 aka ba shi lambar yabo ta Stockholm, babbar kyauta a fannin nazarin laifuka.

Ban ce Kano Kanada ce ba. Muna da gidan yawa, da goyon kaka, da yaron da aka kai almajiranci yana ɗan shekara shida, kuma kowanne yana da nasa tasirin. Shi ya sa nake roƙon malaman Jami'ar Bayero su zaɓi unguwa ɗaya su bi yaranta tun daga goyo, ko da aikin zai ci shekara ashirin.

Ku kuma roƙona gare ku ƙarami ne. In za ku sake ɗauko zancen daba, ku ajiye kujera ɗaya ga malamar aji ɗaya, ɗaya ga malamar Islamiyya ta ƙananan yara. Ku sa shirin da hantsi, lokacin da iyaye mata suka sallami 'yan makaranta, rediyo na kusa da murhu.

Taku,
Wata tsohuwar malamar firamare,
Gwammaja, Kano