Na Rasa Gidajen da Za Su Riƙe Mini Yara Baƙi a Jos

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili. Ni malamar sakandare ce a nan Jos, shekarata 19 ina koyarwa. Na ɗauko wani nauyi da hannuna, ga shi yana neman ya fi ƙarfina.

Makarantarmu ta ƙulla zumunci da wasu makarantu biyu, ɗaya a Kumasi ta ƙasar Gana, ɗaya a Jamus. Za su turo mana ɗalibai shida 'yan shekara 15 zuwa 17, su yi zangon farko tare da namu, daga Satumba zuwa Disamba. Sharaɗin shi ne a gidajen mutane za su zauna, su ci abin da gida ya ci, su tashi lokacin da gida ya tashi. Iyayensu ne da kuɗin jirgi da na magani da na kashewa. Mai masauki kuwa nasa makwanci ne da abinci da sa ido, ba za a ba shi ko sisi ba.

Ranar da aka nemi wanda zai nemo gidajen, ni na fara ɗaga hannu, kuma ina da dalili. A 2014 ɗana na fari ya ci jarrabawar YES, wani shirin musayar ɗaliban sakandare, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 2002, ya tafi jihar Ayowa ya yi wata goma. Wasu manoma Kiristoci ne suka riƙe shi, ba su san ni ba, ban san su ba, ba a kuma biya su ba. Matar gidan ta daina sa naman alade a girkinta saboda shi, ta ware masa wuri mai tsabta don salla, maigidan kuma yakan tuƙa mota mai nisa ya kai shi masallacin Juma'a idan babu makaranta. Da ya yi zazzaɓi, ita ta kwana a kansa. Har yau idan na tuna sai idona ya kawo ruwa. Bashi ne a wuyana, Anti.

Na ɗauka abin ba zai ba ni wuya ba. Mu ne fa masu cewa baƙonka annabinka, mu ne masu riƙon 'ya'yan dangi har mu aurar da su. Amma wata biyu ke nan ina yawo, daga Rikkos zuwa Anguwan Rogo, daga Bauchi Road zuwa Rayfield, gida biyu kawai na samu, ɗaya ma nawa ne. Yara huɗu ba su da wurin sauka.

Ban ga laifin masu cewa babu hali ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda kwanon shinkafa ya koma, ƙarin baki ɗaya a gida ba wasa ba ne. Wasu kuma mazajensu ne suka ce ba za a ajiye musu saurayi baligi cikin 'yan mata ba, wannan ma na fahimta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar addini. Biyar daga cikin yaran Kiristoci ne. Kin san yadda rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 suka raba garin nan, kowa ya koma unguwar nasa. Wata ƙawata ta ce mini tana so ƙwarai, amma wa zai riƙa fitar da yarinya daga Gangare zuwa coci duk Lahadi, me maƙwabta za su ce? Wata malama abokiyar aikina da ke Tudun Wada ita ma ta ce za ta karɓi kowa ban da Musulmar da ke cikinsu, don tana tsoron wani abu ya taso yarinyar tana hannunta. Dukkansu mutanen kirki ne. Tsoro ne kawai ya zauna mana a zuci.

Yanzu ga inda na tsaya. Wani Alhaji mai hali ya ce in kawo duka huɗun, yana da sashe guda da ba kowa, da direba da janareta. Sai dai ko sau ɗaya bai bari na gana da matansa ba, ya ce maganarsa ta isa. Hankalina bai kwanta ba, domin matan ne za su yi girkin, su ne za su wuni da yaran, kuma yaron da aka ajiye a sashen baƙi ai otal aka kai shi. A gefe guda ga wata baiwar Allah, mijinta ya rasu, tana sayar da dankalin Turawa a Farin Gada. Ɗaki biyu gare ta da 'ya'ya mata uku, amma ita da kanta ta zo ta same ni ta ce ɗa na kowa ne, a ba ta yarinya ɗaya, inda nata suka kwana nan za ta kwana. Zuciyata tana wurinta. Ina dai tunanin sanyin Jos a Disamba, da ruwan da sai an sayo a wurin 'yan garuwa, da abin da uwar yarinyar za ta ji idan ta ga hoton ɗakin.

Anti, in karɓi tayin Alhajin ko in dage sai na zauna da matansa, ko da zai ji haushi ya janye? Idan na riƙa kai wa wannan baiwar Allah buhun masara da mai daga albashina a ɓoye, na karya sharaɗin da aka ce ba a biyan mai masauki? Kuma da wane baki zan tunkari limamai da fastoci su taya ni magana da jama'arsu, ba tare da an ce ina neman juya wa 'ya'yan mutane addini ba?

Ƙarshen watan nan ake so in aika sunayen gidajen. Ina sauraron amsarki.

Taki,
wata malama daga Jos.