Yawan Ambato Kaɗai Ba Ya Auna Mai Binciken Tsirrai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu suke auna masu binciken ƙwayoyin gadon tsirrai. A yau da zarar an buɗe takardun malami, abin da ake fara dubawa shi ne yawan maƙalunsa, da yawan ambaton da wasu masana suka yi musu a rumbunan maƙalu na intanet irin su Scopus ko Google Scholar, da kuma ma'aunin nan na h wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, inda samun maki 20 yake nufin malami yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20.

Ban ce alƙaluman ba su da amfani ba, amma a dubi tarihin Mary-Dell Chilton ta Amurka. A 1977 ita da abokan aikinta na jami'ar Washington da ke Siyatil suka buga maƙala a mujallar Cell, suka tabbatar cewa ƙwayar bakteriyar Agrobacterium, wadda ke sa tsiro ya yi ƙululu a gindinsa, tana cusa wani yanki na DNA ɗinta, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, a cikin ƙwayoyin tsiron, ya zauna daram. Daga nan aka gane cewa idan aka cire ɓangaren da ke haddasa ƙululun, za a iya ɗora mata ƙwayar gadon da ake so ta kai. A 1983 ta sanar da nasarar yin hakan a ganyen taba, kusan lokaci guda da su Marc Van Montagu na Beljiyam da Robert Fraley, kuma su ukun aka ba Lambar Abinci ta Duniya a 2013. Darajar waccan maƙala ta 1977 tana cikin ƙofar da ta buɗe, kuma sai wanda ya karanta ta zai gane hakan.

Wani abin da kwamitoci ba sa lura da shi shi ne ba kowane ambato ne yabo ga sabon tunani ba. Maƙalar Murashige da Skoog ta 1962 tana cikin waɗanda aka fi ambata a duk fagen kimiyya, saboda ta bayyana haɗin sinadaran da ake renon tsiro da su a cikin kwalba, don haka duk wanda ya auna garin wannan haɗin ya zuba a ɗakin gwaji dole ya ambace ta. Haka kuma yawan ambato yana bin yawan masu aiki a kan tsiro. Ƙaramar ciyawar Arabidopsis, wadda ba a ci, an kammala karanta jerin gadonta tun 2000, ɗakunan gwaji masu ɗimbin yawa kuma suna kanta. Cikakken jerin gadon wake kuwa sai a 2019 aka buga shi. To ina adalci a gwada mai binciken wake da mai binciken waccan ciyawa da mudu ɗaya?

Ga misali a ƙofar gidanmu. Waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, da dabarar nan ta Agrobacterium aka sa masa ƙwayar gadon Cry1Ab daga bakteriyar Bacillus thuringiensis, domin ya kare kansa daga tsutsar Maruka mai cin fure ta huda kwanso. Manomin da ya saba feshi sau shida zuwa takwas ya koma kusan sau biyu. Ko mutum yana goyon bayan irin da aka sauya wa halitta ko yana da ja, wannan muhawara ce daban, amma shekarun da aka kwashe ana gwaji a gonakin da aka killace ba sa fitowa a Scopus, manomi kuma ba ya rubuta maƙala balle ya ambaci kowa.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da majalisun jami'o'i su buƙaci kowane mai neman zama farfesa ya zaɓi maƙalunsa biyar da ya fi ji da su, a ba masanan fanninsa su karanta su rubuta abin da kowacce ta ƙara wa ilimi, a kuma ba sabon irin da aka yi wa rajista maki nasa na kansa.

Wassalam.

Wani mai karatu,
Samaru, Zariya.