Wasiƙa daga Legon: 'ya'yanmu su nemi gurbi a cibiyoyin binciken lafiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana da iyayenmu da ƙannenmu a kan wani karatu da ba a cika zancensa a gidajenmu ba, wato digiri na biyu da na uku a cibiyoyin binciken lafiya. Ni 'yar ƙasar Gumel ce a Jihar Jigawa. Bana shekarata ta uku ina karatun digirin digirgir a Jami'ar Ghana da ke Legon, kuma yawancin aikina a Cibiyar Noguchi nake yin sa, a kan ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan yayata. Da na je gida hutun babbar salla na tarar da shi zaune a shagon cajin waya, alhali ya gama digiri a ilimin ƙananan halittu da sakamako mai kyau, ya kuma gama bautar ƙasa. A gidan kowa cewa yake yi bai samu likitanci ba ne, shi ma har ya yarda da hakan. Na san zafin wannan maganar, don ni ma an faɗa mini ita shekara da shekaru. Ko da na samu gurbin nan, tambayar farko da Baba ya yi mini ita ce, "To idan kin gama za ki riƙa duba marasa lafiya?" Na ce masa a'a Baba, zan shiga cikin masu nemo abin da likita zai duba su da shi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka.

Edita, sai da na zo Accra na fara jin labarin Garki. Garkin nan tamu ta Jigawa, wadda ba ta da nisa da garinmu. Wani malami ne ya ambace ta a aji, yana bayanin yadda daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da gagarumin bincike a kan zazzaɓin cizon sauro, wato maleriya, a ƙauyukanta. An yi feshin magani a ɗakuna, an raba wa jama'a ƙwayoyi, ana bin mutane gida-gida ana ɗibar jini ana ƙirga sauro. Cutar ta ragu sosai amma ba ta yanke ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake fita, don haka feshin bai same shi ba. Har gobe masu lissafin yaɗuwar maleriya a duniya da alƙaluman Garki suke koyo. Ina zaune cikin 'yan Ghana da Kamaru da Mali, wasunsu sun san aikin ciki da bai, ni kuwa da kakannina suka yi noma a yankin ban taɓa jin sa ba, a makaranta ko a gida. Ranar na daɗe ban yi barci ba.

Haka labarin Zariya yake. Baturen nan Brian Greenwood ya yi kusan shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello yana bincike a kan sanƙarau da maleriya, kafin a 1980 ya tafi ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta MRC da ke Gambiya. Ƙasarmu ta daɗe tana ba duniya ilimi a kan cututtukanta. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne namu 'ya'yan da za su riƙe alƙalamin.

Bari in nuna wa ƙannena yadda karatun yake, domin da yawa suna ɗauka ci gaba ne da zaman aji da haddar takarda. Shekarar farko ce kawai ta darasi da jarrabawa. Daga nan sai a haɗa ka da malamin da zai jagorance ka, ku tsayar da tambaya guda wadda ba a riga an amsa ba, ka yi shekaru kana bin ta. Ya fi kama da koyon sana'a a hannun gwani. Ni kiwon ƙwayar cutar nake yi. Ana raya ta ne a cikin jajayen ƙwayoyin jinin mutum, a 'yan kwalabe, cikin akwati mai ɗumin jiki, maki 37. Kowane awa 48 take fasa ƙwayar jinin da ta shiga ta faɗa wata, saboda haka ba ruwanta da Juma'a ko Lahadi, sai an canza mata ruwan abincinta. Da sassafe nakan ɗiga jini a gilashi, in shafe shi siriri, in rina shi, in sa a madubin hangen ƙwayoyin cuta, in yi ta ƙirga ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya ina ware waɗanda cutar ta shiga. A cikinsu za ka gan ta kamar ɗan zobe mai ɗigo a gefe. Ranar da na fara ganin ta da idona, ƙanwata na tuna, wadda zazzaɓi ya ɗauke tana 'yar shekara huɗu. A shekarata ta biyu wani gurɓataccen abu ya shiga kwalabena, aikin wata biyu ya tafi a dare ɗaya. Malamina bai yi faɗa ba, ya ce in rubuta abin da ya faru dalla-dalla a littafin aiki, in ciro wata daga ma'ajiyar sanyi in sake farawa. Wanda ba shi da irin wannan haƙurin zai sha wahala, gara ya sani tun kafin ya cike takarda.

Cibiyar da nake ciki an kafa ta a 1979 da taimakon gwamnatin Japan, aka sa mata sunan Hideyo Noguchi, masanin da zazzaɓin shawara ya kashe a Accra a 1928 yana tsakar bincike a kansa. Lokacin korona ita ta ɗauki nauyin yawancin gwajin da aka yi a Ghana a farkon annobar, kuma ɗaliban digiri na biyu da na uku na cikin waɗanda suka kwana a kan aikin. Wannan ne bambancin karatu a cibiyar bincike: akwai wuta, akwai na'ura, akwai manyan da ke tsakar aiki, ka shiga ka kama musu.

Akwai kuma wani abu da muke da shi wanda ba a saye da kuɗi, shi ne harshe. Wata rana na bi ayari ɗibar samfuri a wani ƙaramin asibiti a ɗaya daga unguwannin zango na Accra. Wata uwa ta riƙe ɗanta gam, an karanta mata takardar neman izini da Turanci, an sake da harshen Twi, ba ta ce uffan ba. Na matsa kusa na ce, "Sannu Inna, ya mai jiki?" Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Jinin nan ina za ku kai shi?" Muka zauna a benci na yi mata bayani: abin da za a ɗiba bai cika ƙaramin cokali ba, ga inda za a ajiye shi, ga abin da za a duba, kuma ko ta ƙi za a ba ɗanta magani kamar kowa. Ta yi tambayoyinta har ta gamsu, sannan ta yarda. Tambayarta tana kan hanya, kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin tushenta. A annobar sanƙarau ta 1996 an gwada maganin Trovan a Kano, a binciken da ya haɗa da yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin jihar. Raunin da abin ya bari yana cikin dalilan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Da a ce akwai namu masana da yawa a kwamitocin da ke tantance bincike, waɗanda za su karanta tsarin su ce wannan bai yi ba, su kuma zauna da uwa su yi mata magana da harshen da take mafarki da shi, da an rage ɓarna ta kowane ɓangare.

Ga ɗan yayata da ire-irensa, ƙofofin suna nan. A Legon akwai cibiyar WACCBIP, wadda aka kafa a 2014 don horar da 'yan Afirka ta Yamma, kuma takan tallafa wa waɗanda suka ci tantancewa da kuɗin makaranta da alawus. Akwai kuma cibiyoyin binciken lafiya na MRC a Gambiya, da KEMRI a Kenya. A gida akwai NIMR a Yaba, da ACEGID a Ede, waɗanda suka fara karanta ƙwayar halittar korona a Afirka a Maris na 2020, ga kuma cibiyoyin ƙwarewa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da CERMES a Yamai. A nemi takardar sakamakon jarrabawa tun da wuri, don tawa ta ci wata huɗu kafin ta fito, saura ƙiris wa'adi ya wuce ni. A karanta abin da malamin da ake so ya wallafa kafin a rubuta masa. In da hali a nemi aikin sa-kai a wani ɗakin gwaji ko na wata shida ne, domin masu tantancewa suna gane hannun da ya taɓa aiki. Mata kuma kada su cire rai. Da aurena na zo, da yardar maigidana, 'yata tana wajen Umma, kullum bayan magariba muke waya. Da ciwo, amma ana iyawa idan dangi suka tsaya.

Kukana na ƙarshe ga gwamnatocin jihohinmu ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kuma ba banza ba aka zaɓi Kebbi cikin jihohi biyu da aka fara rigakafin cutar a Disamban 2024. Ga sanƙarau duk bazara, ga sikila, ga gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Tallafin karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ma'aikatansu ne, yaron da ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba ba ya ciki. Ina roƙon hukumomin ba da tallafin karatu su ware gurabe na musamman don binciken lafiya, su kuma tanadi inda za mu yi aiki in mun dawo. Kafin in taho na yi aiki a wani ɗakin gwaji inda muka zubar da samfurin jinin mutane masu yawa saboda an ɗauke wuta kwana uku babu man janareta. Ina so in dawo gida idan na gama, in koma ƙauyukan Garki in ga halin da sauron yake ciki bayan shekara hamsin. Abin da zan buƙata shi ne firiza da ba za ta narke ba, da ɗalibai biyu ko uku masu haƙurin ƙirga.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Taku,
Wata ɗalibar bincike 'yar Gumel,
Legon, Accra.