Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Ƙungiyarmu ta Hausawa Ma'aikatan Laburare a Amurka

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Ga rahoton bana daga teburin sakatare, ya zo a makare kuma laifina ne, a yi haƙuri, aiki ne ya sha kaina.

Duk wanda yake cikin wannan sana'a ya san bana ba ta zo mana da sauƙi ba. A watan Maris gwamnati ta fitar da umarnin rage hukumar IMLS, wadda ta nan ne kuɗin tarayya ke bi zuwa dakunan karatu na jihohi, ba mu gama jin wannan ba sai ga labari a watan Mayu an sallami Carla Hayden daga shugabancin laburaren majalisar dokoki, matar da tun 2016 muke nuna wa 'ya'yanmu hotonta saboda ita ce mace ta farko kuma baƙar fata ta farko a kujerar. Ranar group ɗinmu na WhatsApp bai yi barci ba wallahi. Wasu a wurin aikinsu har an ce su daina rubuta kalmomin daidaito da shigar da kowa a takardun neman tallafi. Toh mu dai ba mu daina komai ba, mitin ɗinmu na wata-wata ta Zoom bai tsaya ba sai a azumi.

Babban abin da muka sa a gaba shi ne maganar mastas. Kun san yadda abin yake, mu ne a kan kantar karɓar jama'a, mu ne masu tura amalanken littafi muna jerawa a kan shelf, mu ne ake kira idan wata baiwar Allah daga Nijar ko zangon Kumasi ta shigo ba ta jin Turanci tana son a cika mata fom, amma idan aka zo kujerar da ake kira laburariyan sai a ce sai mai digirin MLIS, wato mastas na aikin laburare, daga makarantar da ƙungiyar ALA, wato ƙungiyar laburarori ta Amurka, ta amince da ita, kuma digirin nan kuɗi ne ba na wasa ba. Shi ya sa har yau sama da kashi 80 cikin 100 na masu wannan matsayi a ƙasar nan fararen fata ne. Akwai yayarmu a cikinmu da ta fi shekara goma tana koya wa sababbin zuwa aiki, su wuce su zama ogoginta, ita tana nan inda take. Ba zan ce a ina ba, ta san kanta.

Don haka muka zauna da masu sha'awa muka bi fom ɗin sikolashif na Spectrum layi-layi. ALA ce ta fara shi a 1997 don 'yan tsiraru, dala 5,000 suke bayarwa, ba zai biya duka ba amma ya rage zafi. Inda muka ci karo da bango shi ne sharaɗin takarda, dole sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin a Amurka ko Kanada, wanda hakan ya fitar da wasu ƙannenmu masu bizar karatu tun kafin a fara. Su kam sai dai adashin da muka buɗe, kuma gaskiya adashin yana tafiyar hawainiya, ma'aji zai yi bayani da bakinsa. Masu niyya ku tuna 1 ga Maris ake rufewa, dan Allah kar a zo min ana saura kwana biyu a ce in duba rubutu.

Abu na biyu, wanda ni ya fi min daɗi, shi ne zaman da muka yi kan katalogi, wato rajistar littattafan laburare. Mun karanta tarihin Dorothy Porter ta jami'ar Howard, wadda ta tarar a tsarin Dewey na ba wa littattafai lamba kusan duk littafin baƙar fata ana jefa shi a lamba 325 ko 326, wato mulkin mallaka ko bauta, ko da kuwa waƙa mutum ya rubuta, ta ce ba ta yarda ba ta sake jera su bisa fanninsu. Sai wani dattijonmu ya ce ai mu ma ga namu nan, ku duba sashen addini, daga 220 har 280 Kiristanci ne, Musulunci kuwa an cusa shi a 297 shi da wasu addinai. Daga nan hira ta koma kan ƙ da ɗ da ɓ, yadda mutum zai rubuta sunan littafi daidai a kwamfuta ta ce masa babu, alhali littafin yana nan, wanda ya shigar da shi ne ya cire lanƙwasar. Mun fara haɗa jerin irin waɗannan kurakurai don kowa ya kai wa masu katalogi na wurinsa. Na ajami kuwa sai a hankali, da yawa an yi musu rajista a matsayin Larabci kawai don an ga baƙaƙen.

Mun kai yara cibiyar Schomburg ta bincike kan al'adun baƙar fata da ke Harlem a lokacin hutu, iyaye mata sun yi ƙoƙari da abinci Allah ya saka. Waɗanda suka je babban taron ALA a Philadelphia a watan Yuni da kuɗin aljihunsu suka je, sun zauna da mutanen Black Caucus, ƙungiyar baƙar fata ma'aikatan laburare da su E. J. Josey suka kafa a 1970, sun ce ƙofa a buɗe take ga duk mai son shiga.

Abin da muka gaza: karatun tatsuniya na Asabar a Bronx. An fara da zafi, sati uku aka watse, saboda masu karantawa duk suna aiki ranar kuma littattafan yara na Hausa da muke da su ba su kai a ƙirga ba. Duk mai zuwa gida Kano ko Zariya ko Damagaram ya bar mana ɗan wuri a akwati.

Badi taron ALA a Chicago za a yi, cikar ta shekara 150, muna so mu haɗa da ziyarar laburaren Herskovits na jami'ar Northwestern a Evanston mu ga takardun Malam Umar Falke na Kano da ke ajiye a can. Mai son zuwa ya ba ma'aji suna kafin mitin na gaba, kuma masu bashin kuɗin wata ku taimaka ku biya tun ban fara kiran waya ba.

Wassalam,
Sakatare