Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kauran Gwandu: Matan Fada ba na kwana huɗu ba ne

Assalamu alaikum Mai girma Gwamna Dakta Nasir Idris, ranka shi daɗe.

Ni talakanka ne daga ƙasar Argungu, maganar gulbin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na kwana huɗu, ta kawo ni. Duk shekarar da za a yi bikin kamun kifi kowa ya san yadda gari ke komawa, a share hanya, a shafa fenti, manyan baƙi su cika rumfa, bindiga ta tashi masunta su ruga ruwa da homa da gora. Abin alfahari ne wallahi, tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi ake yinsa, har UNESCO ta saka shi cikin kayan gadon duniya a 2016. To amma ranka shi daɗe giwan ruwa mai kilo 75 irin wadda anka kama a 2005 ba cikin kwana huɗu take girma ba, shekaru take yi cikin ruwa mai zurfi, kuma zurfin nan shi ne ke tafiya.

Ka tambayi duk wani tsohon masunci. Yashi na cike gulbi, da rani akwai wuraren da yaro zai ƙetare ruwa bai kai mishi gwiwa ba, da damina kuma in anka buɗe dam ɗin Goronyo ko na Bakolori ruwan bai da wurin zama sai ya haye fadama, abin da ya faru kenan a 2020, shinkafa ta fara fidda kai ruwa ya shanye ta tun daga Augie har Bagudo, mutane sunka koma kallon gonakinsu daga cikin kwale-kwale. A yashe gulbin nan, a zauna da hukumar da ke kula da madatsun a riƙa sanar da manoma da wuri kafin a saki ruwa. Sarkin Ruwa da mutanensa kuma a ba su jirgi mai inji da alawus, su ne za su iya hana masu zuba guba da masu kamun 'ya'yan kifi da ƙaramar raga, ba wani kwamiti daga ofis ba.

Sai Gidan Nabame. An gina shi 1831, sarakunan Kabi sun zauna ciki har 1942, a 1958 anka mayar da shi gidan tarihi na Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi. Akwai takubba da masu da sulke da tambura, ga kaburburan sarakuna a ciki. Ginin ƙasa kuwa kowa ya san halinsa, in ba a yi mishi yaɓe ba damina ɗaya ta isa ta fara cinsa, don haka kuɗin kula da shi ya kamata su zauna cikin kasafi duk shekara. Kai malamin makaranta ne kafin siyasa, ka sa a riƙa kai 'yan sakandare can, da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, da Alwasa inda anka gwabza yaƙi zamanin jihadi wanda yanzu mutum zai wuce a mota bai ma san ya wuce ba. Surame dai na san ta faɗa cikin jihar Sakkwato, amma birnin Kanta ne, ba laifi in kun haɗa kai da takwaranka.

Hanyoyin birni mun gani, Allah shi saka. Na ƙauyen fadama fa? Ruwan Agusta na sauka an yanke su, mai naƙuda sai a amalanke, buhun shinkafa sai a bayan jaki ko raƙumi, dillali ya saye yadda ya ga dama tunda ya san ba ka da hanyar fita da ita. Kwalbati da jar ƙasa kawai wasu wuraren ke nema.

Can kudu kuma gulbin Neja shi ne titin mutanen Yauri da Ngaski. Ba mu manta hatsarin Warra ba na watan Mayu 2021, jirgi ɗaya ya ɗauko mutum sama da 100 ya nutse da mafi yawansu. Tun da dam ɗin Kainji ya tare ruwa a 1968 kututturan itatuwa na nan ƙarƙashi suna fasa jiragen katako. Bikin Rigata na tseren jiragen ruwa a Yauri na da kyau, amma ranar kasuwa ce ake lodi fiye da ƙima, a nan muke son a ga ma'aikaci tsaye bakin mashaya yana ƙirga fasinja, kowa da rigar kariya, kuma ba tashi bayan magariba. Zuru ma da kurmin Girmace mai kadoji da bikin al'ada na Uhola, baƙo ba zai je ba sai an samu tsaro, wannan ka fi ni sani.

In son samu ne ranka shi daɗe, ka zo Matan Fada a watan Afrilu, ba jiniya ba rumfa, ka sa Sarkin Ruwa ya shiga da kai cikin jirgi ya nuna maka inda ruwa yake kaiwa da da kuma inda ya tsaya yanzu.

Wassalam,
Talakanka daga Argungu.